Katin ISDN a Linux da BSD: a tambayi bango kafin a zargi kwamfuta

Cikin kwamfutocin gwanjo da ake saukewa a Duwala, jirgin ƙasa ya hauro da su Ngaundere, manyan motoci su rarraba su Garwa da Marwa har Kusiri da Injamena, akwai waɗanda ke zuwa da wani ɗan kati a bayansu mai rami ɗaya irin na kebul ɗin intanet. Yaron shago ya ga ramin, ya soka kebul, ya shiga daidai har da ɗan ƙas ɗin nan, amma fitila ba ta kama ba. Ya ɗora Ubuntu, ɗaya daga cikin ire-iren tsarin Linux, shiru. Ya sauke ya ɗora Debian, shiru. Sai ya juyo ya ce, "Maigida, katin rezon nan ya mutu," wato katin intanet. Sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau. Na ISDN ne, abin da takardun Faransanci ke kira RNIS, kuma ba shi da wata alaƙa da kebul ɗin da aka soka masa in ban da kamannin baki.

ISDN layin tarho ne na girke wanda aka mayar da shi na lambobi tun daga cibiyar kamfanin waya har cikin ofishin mai layi. Hukumar CCITT, wadda daga baya ta koma ITU-T, ita ta tsara ƙa'idojinsa a shekarun 1980. Ƙaramin layi yana da hanyoyi uku a kan tagwayen wayar jan ƙarfe: biyu masu suna B, kowace tana ɗaukar kilobit 64 a daƙiƙa, su ne na murya ko bayanai, sai ta uku mai suna D mai kilobit 16, wadda ta cikinta na'ura da cibiya ke magana a kan wa ke kira, wace lamba aka buga, an ɗauka ko an ajiye. Babban layi kuwa, wanda a ƙasashenmu yake bin tsarin Turai na E1, yana da hanyoyin B guda 30 da D ɗaya mai kilobit 64, duka a kan megabit 2.048. A zamanin da modem ke kuka na rabin minti kafin ya haɗa, kuma ko ya haɗa da ƙyar yake kusantar kilobit 56, layin da ke haɗawa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya ba da 64 cif, ko 128 in an haɗe hanyoyin biyu, abin alfahari ne. Gidajen rediyo sun fi kowa sonsa, domin da shi wakili yake aiko da murya tas kamar yana cikin situdiyo.

Dalilin da ya sa katunan suke malalowa nan ba ɓoyayye ba ne. Turai ta juya wa ISDN baya. Jamus, inda ya fi ko'ina karɓuwa a duniya, ta mayar da layukanta kan intanet. A Faransa kamfanin Orange ya daina sayar da sabon ƙaramin layin Numéris a ƙarshen 2019. Kwamfutocin ofisoshin can da aka kwashe suka zo da katunansu a ciki, babu wanda ya damu ya zare. A nan kuwa masu buƙatar abin da gaske kaɗan ne: otal ko banki ko ofishin wata ƙungiya mai tsohuwar na'urar rarraba kira, wanda yake so ya haɗa ta da Asterisk, manhajar da ke mayar da kwamfuta na'urar rarraba kira, sai gidan rediyon da ya gaji kayan da ba a so a zubar. Su ne wannan bayanin zai fi yi wa amfani, sai kuma mai gyaran da yake so ya san abin da ke hannunsa kafin ya jefa shi kwandon tarkace.

Idan mutum ya ce kwamfuta ba ta gane katin ba, yana iya nufin abubuwa huɗu daban, kuma maganin kowanne daban ne. Ko babban allo bai ga akwai wani abu a ramin ba. Ko ya gani, amma kanel, wato zuciyar tsarin, ba shi da direban da zai tuƙa katin. Ko direba ya hau lafiya amma waya ba ta kawo komai. Ko kuma waya na aiki, sai dai kati da cibiya ba su jin yaren juna. Yawancin wahalar da ake sha daga haɗa waɗannan wuri ɗaya take fitowa: mutum ya kwana yana sake gina kanel alhali kebul ne ba daidai ba.

Na farkon shi ya fi sauƙi. A Linux a buɗe allon umarni a rubuta lspci -nn. Kowane katin PCI, wato irin wanda ake sokawa a ramin babban allo, yana faɗin lambobi biyu, ta kamfanin da ya yi shi da ta samfurin, kuma yana faɗinsu ko da direba ko babu. In ka ga 1244:0a00, Fritz!Card ce ta kamfanin AVM na Balin. 1244:0e00 ita ce ƙanwarta, fitowa ta biyu. In ka ga 1397:2bd0, cip ɗin HFC-S ne na kamfanin Cologne Chip. 1050:6692 kuwa Winbond W6692 ne. Sunan da aka buga a kwali ko a jikin katin ba abin dogaro ba ne, domin kamfanoni da yawa sun sayi cip iri ɗaya kowa ya manna sunansa, kuma direba cip yake sani. Saboda haka ko lspci ya ba ka lambar da ba ka gane ba, zare katin ka karanta rubutun da ke kan baƙin cip mafi girma. In kuwa lspci bai nuna komai ba, kada a taɓa manhaja tukuna. A kashe na'ura, a zare katin, a hure ƙurar hunturu da ta cika ramin, a goge haƙoran zinariyar da abin goge fensir, a mayar. A kuma duba tsagar da ke tsakanin haƙoran: tsofaffin katuna na bolt 5 ne, wasu ramukan kuma na 3.3 ne kaɗai, tsagar ce take hana a haɗa su. Yawancin sababbin kwamfutoci ma ba su da ramin PCI gaba ɗaya, sai PCI Express, wanda ba ya karɓar waɗannan katunan sai da wata gada a tsakani.

Mataki na biyu shi ne zuciyar maganar, kuma ba a fahimtarsa sai an san cewa katunan ISDN kashi biyu ne. Akwai masu ƙwaƙwalwar kansu, irin AVM B1 da Eicon Diva Server, waɗanda ke da firosesa a jikinsu, su suke tafiyar da duk hirar hanyar D da kansu. Abin da suke nema wurin kwamfuta shi ne ta loda musu manhajar cikinsu duk lokacin da aka kunna; a B1 umarnin capiinit ne ke yin haka, yana karanta /etc/capi.conf ya tura fayil ɗin b1.t4 cikin katin. In ba a yi wannan lodin ba, katin yana nan a lspci amma ba ya motsi. Sai kashi na biyu, masu arha, waɗanda su ne kusan duk abin da ke zuwa mana a gwanjo: Fritz!Card, Teles, ELSA, Sedlbauer da tarin masu cip ɗin HFC da Winbond. Waɗannan ba su da firosesa. Na farkon kamar babur ne mai injinsa, na biyun amalanke ne, sai an tura. Duk ƙa'idojin Q.921 da Q.931, wato yadda ake neman izinin magana a layi da yadda ake buɗe kira a rufe shi, a cikin direba suke, a cikin kanel. Wannan yana nufin rabin katin da ka riƙe a hannunka ba ya cikin katin. Yana cikin rubutun da wasu mutane suka yi, kuma ranar da suka daina kula da rubutun, katin ya zama kwalliya ko da ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Mutanen kuwa kusan duk Jamusawa ne, don can ne layin ya fi yaɗuwa. A tsakiyar shekarun 1990 Fritz Elfert ya fara isdn4linux, Karsten Keil kuma ya rubuta direban HiSax, wanda ya haɗa katuna marasa ƙwaƙwalwa iri-iri a ƙarƙashin modul ɗaya, wato guntun direba da ake lodawa cikin kanel. HiSax ba ya laluben kati da kansa yadda direbobin yau suke yi. Kai za ka gaya masa abin da ke ciki da lamba. Mai Fritz ta PCI zai rubuta modprobe hisax type=27 protocol=2. Mai HFC na PCI lambarsa 35, mai Winbond 36, tsohuwar Fritz ta ISA 5, Teles 16.3 kuma 3. Wannan protocol=2 ɗin shi ne yaren Euro-ISDN, wanda ake kira DSS1; 1 na tsohon yaren Jamus ne, 1TR6, 4 kuma na Amurka. In an dace, dmesg, umarnin da ke nuna rahoton kanel, zai nuna an sami katin, sai na'urorin /dev/ttyI0 da /dev/isdnctrl su fara aiki, a yi amfani da isdnctrl a buɗe ippp0, ipppd ya haɗa da intanet. Duk wanda ya ci karo da tsohon bayani a kan ISDN a Linux, wannan hanyar yake karantawa.

Matsalar ita ce hanyar ta rufe. An cire isdn4linux da HiSax daga kanel a fitowa ta 5.3, a shekarar 2019. Direbobin katuna masu ƙwaƙwalwa irin B1 aka ture su gefe a lokacin, aka share su a 5.6 a 2020. Na Eicon ma ya riga su fita. Ubuntu 20.04 da kanel 5.4 ya zo, Debian 11 da 5.10, don haka duk wanda ya ɗora waɗannan ko na bayansu ya rubuta modprobe hisax, amsar da zai samu ita ce babu modul mai wannan suna. Ba kuskurensa ba ne, kuma babu wani kunshin da zai sauko da shi ya gyara. Abin da aka bari bayan wannan sharar shi ne mISDN, sabon gini da shi Karsten Keil ɗin ya fara, wanda ya shiga kanel a 2.6.27 a 2008. A nan kowane cip da modul ɗinsa: avmfritz, hfcpci, hfcmulti na katuna masu baki huɗu ko takwas, hfcsusb na masu USB, w6692, netjet. Suna hawa da kansu in sun ga lambar katinsu, lspci -k zai nuna wanda ya kama, misdn_info kuma ya lissafa bakunan da aka samu. Kafin a sa rai, a fara rubuta uname -r a ga fitowar kanel, sannan modinfo avmfritz ko modinfo hfcpci a ga ko masu rarraba tsarin sun saka modul ɗin, domin ba kowa ke sakawa ba, kuma abin da babu mai kula da shi kullum yana bakin ƙofa.

Sai dai a nan akwai tarkon da ke kama ko ƙwararru. mISDN ba ya ba da /dev/ttyI0, ba ya jin isdnctrl, bai san ipppd ba. Mutum zai ga direba ya hau, dmesg ya yi magana mai daɗi, ya koma tsohon bayaninsa ya ci gaba daga layi na gaba, komai ya ƙi. Sai ya ce katin ne. A gaskiya an gane katin sarai. Kayan aikin da yake riƙe da su ne na wani gini daban. mISDN an yi shi ne domin tarho, a haɗa shi da manhaja irin LCR ta Andreas Eversberg ko da Asterisk, kuma shi kansa Asterisk ya cire chan_misdn a fitowarsa ta 19. Ga kuma hanya ta uku da ta ƙara rikita lissafi: CAPI 2.0, ƙa'idar da kamfanonin Jamus suka yarda da ita, wadda AVM ta yi wa Fritz direba mai suna fcpci a kanta. Wani ɓangarensa a rufe yake, ba a ga rubutunsa, kuma kamfanin ya daina sabunta shi tun tuni. Ke nan kati ɗaya, Fritz ta PCI, ta taɓa samun direbobi uku masu neman ta a lokaci guda, kuma wanda ya riga hawa shi ke riƙe ta, sauran su ce ba su ga komai ba. Maganin shi ne a zaɓi ɗaya, a hana sauran hawa da layin blacklist a cikin /etc/modprobe.d.

Irin wannan rigimar ta fi muni a kan lambar e159:0001. Ta cip ɗin Tiger Jet ce, wanda aka sa a katin ISDN na NETjet, aka kuma sa a wasu katunan tarho na analog da ake amfani da su da Asterisk. Sai direban netjet ya ga lambar ya cafke katin da ba nasa ba, na gaskiyar ya zo ya tarar an riga shi. Shi ya sa kunshin DAHDI, na direbobin katunan tarho da Asterisk ke amfani da su, yake zuwa da jerin modul ɗin da za a hana hawa, netjet na ciki.

Katunan ISA ba zan daɗe a kansu ba, don allon da ke da wannan dogon baƙin rami sai a kwamfutar da ta haura shekara ashirin. Su lspci ba ya ganinsu ko kaɗan. Ana saita adireshi da ƴan maɓallan da ke jikin katin, ko a yi amfani da pnpdump da isapnp, sannan a gaya wa HiSax io da irq da hannu, a kuma shiga BIOS a keɓe wa katin lambar IRQ ɗinsa, wato layin da yake jan hankalin firosesa da shi. HiSax yana gwada IRQ ɗin lokacin hawa, in bai ji amsa ba ya rubuta ƙorafi a dmesg ya sauka. Wanda ya ga wannan ƙorafin ya san ba waya ba ce, ba cibiya ba ce, lamba ce ta ci karo da ta katin sauti ko ta bakin firinta.

Ɓangaren BSD, wato wasu ƴan uwan Linux irin FreeBSD da NetBSD, labarinsa ya fi gajarta, ya kuma ƙare da wuri. Hellmuth Michaelis na Hambug ne ya rubuta isdn4bsd, wanda ake gajarta shi i4b. A FreeBSD ba modul ake lodawa ba, sai an rubuta sunan direban cikin fayil ɗin tsara kanel an sake gini: ifpi na Fritz ta PCI, ifpi2 na ƙanwarta, iwic na Winbond, isic na tsofaffin masu cip ɗin Siemens, iavc na B1. Daga nan isdnd ya karɓi ragama bisa abin da aka rubuta a /etc/isdn/isdnd.rc. Da FreeBSD ta sake fasalin kanel ɗinta domin injuna masu firosesa da yawa, ba a sami mai daidaita i4b da sabon tsarin ba, sai aka cire shi; fitowa ta 8.0 ta 2009 babu shi. Hans Petter Selasky ya ci gaba da wani reshe nasa a waje. NetBSD ta riƙe nata har 2018 kafin ta share. A FreeBSD umarnin ganin kati shi ne pciconf -lv, kuma in ka ga sunan ya fara da none, an ga katin, babu direba.

Yanzu a ce direba ya hau. Abin da ya rage yana wajen kwamfuta, kuma a ganina daga nan ya kamata a fara tun farko, ba a nan a ƙare ba. Katin ISDN irin na Turai ba a haɗa shi kai tsaye da wayoyi biyun da suka shigo daga titi. Dole akwai ƙaramin akwati a bango, NT, wanda ma'aikatan Camtel ko Sotel Tchad, kamfanonin waya na Kamaru da Cadi, za su kira TNR. Shi ke karɓar tagwayen wayar ya fitar da layi mai waya huɗu, S0, wanda na'urori har takwas za su iya rabawa. In babu wannan akwatin, ko akwai shi amma layin da ke bayansa na analog ne, ko an daɗe da yanke shi, babu direban da zai yi komai. Ofisoshi nawa ne akwatin ke manne a bango, fitilarsa ma tana ci saboda an jona shi da wuta, alhali rajistar layin ta mutu tun zamanin wani shugaban ofis da aka manta sunansa? Hanya mafi sauri ta sanin gaskiya ita ce a jona wayar tarho ta ISDN a akwatin a ɗaga a ji ko akwai sauti. Minti ɗaya ne, ya kuma fi kwana uku na karanta dmesg.

Kebul ma yana da nasa sharrin. Bakin RJ45 ne, amma S0 yana amfani da ƙafafu na 3, 4, 5 da 6, alhali Ethernet mai megabit 100 yana amfani da 1, 2, 3 da 6. Kebul mai waya takwas da aka matse kai tsaye zai yi aiki a duka biyun. Amma irin mai arhar nan da ke da waya huɗu kawai a ciki, ko wanda aka gicciya don haɗa kwamfuta da kwamfuta, ba zai taɓa ta da layin ba. In an ja layin da tsawo zuwa wani ɗaki, ƙarshensa yana buƙatar resista biyu masu om 100. Akwai kuma wuta kimanin bolt 40 a kan S0 wadda akwatin ke ba wayoyin tarho, shi ya sa soka katin intanet na gaske a bakin ISDN ba wasa ba ne. Shi katin kwamfuta ba ya cin wannan wutar, tasa daga allo yake samu. A manhajar da ke bin CAPI, kuskure mai lamba 0x3301 ma'anarsa matakin farko bai tashi ba: kebul, akwati ko layin kansa. 0x3302 yana nufin wutar layi ta tashi amma cibiya ba ta amsa sallama.

Wannan na biyun yawanci daga abu ɗaya yake zuwa. Ana saita ƙaramin layi ta hanya biyu. Ko na na'urori da yawa, inda kowace ke roƙon cibiya ta ba ta lambar shaida, TEI, tsakanin 64 da 126. Ko na na'ura ɗaya tak, irin wanda ake ba masu na'urar rarraba kira, inda TEI ɗin 0 ne a kafe. Katin da aka bari a saitin farko aka sa shi a layi na biyu zai yi ta roƙon lamba ba mai kula shi. Layin ofis da ya taɓa shiga na'urar rarraba kira akwai yiwuwar irin na biyun ne, kuma kamfanin waya ne kaɗai zai tabbatar. A wurinsu kuma za a tambayi yaren cibiyar. Euro-ISDN ne ya zama gama-gari, amma Faransa ta yi nata, VN3 da VN4, kafin ta bi sahu, don haka a ƙasar da ta saba sayen kayan waya daga Faransa tambayar ba ta banza ba ce. Ko cikin masu yare ɗaya akwai cibiyoyi masu taurin kai. HiSax har zaɓi na musamman yake da shi na daina aika wata alama saboda cibiyoyin Ostireliya ba su sonta.

Sai lambobi, kuma nan ne namu ya bambanta da na kowa. Kati ba ya amsa kira sai lambar da aka buga ta yi daidai da wadda aka rubuta masa, wadda ake kira MSN, kuma daidai ɗin yana nufin yadda cibiya ke aiko ta, ba yadda aka buga ta a allon ƙofar ofis ba. Kamaru ta ƙara tsawon lambobinta zuwa takwas a 2007, ta mayar da su tara a Nuwamban 2014, layukan girke suka sami 2 a gaba. Cadi ma ta koma takwas. Duk na'urar da aka saita kafin waɗannan canje-canje tana ɗauke da tsohuwar lamba a cikinta. Kira zai shigo, kati ya gani, ya ga ba lambarsa ba ce, ya yi shiru, mai kira ya ji kamar babu kowa. Hanyar kama wannan ita ce a kira layin daga wayar hannu ana kallon rahoton kanel ko na Asterisk. Zai rubuta lambar yadda ta iso, ko cikakkiya ko ƴan lambobin ƙarshe, sai a kwafe ta haka.

Babban layi, E1, shi ne inda har yanzu aikin yake da riba, kuma abin mamaki shi ya fi sauƙi a Linux ta yau, domin bai dogara da abin da aka share daga kanel ba. Katunan Digium da Sangoma da makamantansu suna tafiya da DAHDI, wanda sunansa Zaptel kafin 2008, tare da libpri. Ana gina shi a wajen kanel, dahdi_hardware ya faɗi katin da ya gani, dahdi_genconf ya rubuta saitin farko. A /etc/dahdi/system.conf layin da aka saba gani shi ne span=1,1,0,ccs,hdb3,crc4, sai bchan=1-15,17-31 da dchan=16. Wannan crc4 na ƙarshe shi ne ya fi jawo ciwon kai: in cibiya ta kunna shi kai ka kashe, ko akasin haka, fitila ta yi ja ko layi ya riƙa faɗuwa. Wasu katunan suna da ɗan maɓalli na zaɓen T1 ko E1, kuma wanda ya fito daga Amurka a kan T1 zai zo, mai hanyoyi 24 kawai. In kamfani ya kawo layin da kebul biyu masu zagayayyen baki na om 75, katin kuma bakinsa na om 120 ne, sai an sa balun, ɗan abin da ke daidaita su, a tsakani. Lamba ta biyu a layin span tana cewa a ɗauki agogo daga cibiya. Wanda ya sa 0 a wurin zai ji ƙas-ƙas a murya, faks kuma ya riƙa yankewa a tsakiyar shafi.

To wa ya kamata ya sha wannan wahalar? Mai neman intanet, a'a. Kilobit 128 da ake biya da minti, hanya biyu kuɗi biyu, ba ya gogayya da ko mafi raunin 3G a Marwa, balle inda zaren gilashi ya iso. Wanda ke da ƙaramin layi mai rai kuma dole ya yi amfani da shi, shawarata kada ya sa kati a cikin kwamfuta ko kaɗan. Akwai akwatunan waje da ke yin duk aikin ISDN a cikinsu. Tsofaffin masu bakin siriyal kwamfuta modem take ɗaukarsu, ana ba su umarnin AT, kowane Unix yana jin wannan ba tare da direba na musamman ba, sai dai bakin siriyal yana tsayawa a bit 115,200 a daƙiƙa, ƙasa kaɗan da hanyoyin biyu a haɗe. Na tarho kuma akwai irin su Patton SmartNode da beroNet, waɗanda ke karɓar S0 ko E1 ta gefe ɗaya su fitar da SIP, yaren kiran waya ta intanet, ta kebul ɗin intanet a ɗaya gefen, Asterisk ya gan su kamar kowace waya. Da haka sabunta kanel ba ya kashe maka tarho ranar Litinin da safe.

Akwai wani dalilin da ya fi shafar mu a nan. Daga Yuni zuwa Satumba, tsawa tana bin wayar jan ƙarfe ta shigo gini, kuma abin da ta fara tararwa shi take ƙonawa. In akwatin waje ne, an yi asarar akwati. In kati ne, yana zaune a kan babban allo, kusa da faifan da ke ɗauke da lissafin ofis. Haka in wuta ta ɗauke lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai ba da wuta ya ja baya: akwatin NT yana iya rayar da wayar tarho ɗaya da wutar da cibiya ke turowa ta layi, amma kwamfuta mai kati ta mutu tare da fanka, sai in akwai batir a bayanta.

Wanda duk da haka ya ga katin ne kawai mafita, ko don babu kuɗin akwati ko don tsohuwar manhajar da ba ta san komai ba sai /dev/ttyI0, to ya keɓe mata tsohuwar kwamfuta mai ramin PCI, ya ɗora tsarin da kanel ɗinsa bai kai 5.3 ba, ya tabbatar da modinfo hisax cewa modul ɗin yana ciki, ya kashe sabuntawa ta atomatik, kuma kada ya bar wannan na'urar tana fuskantar intanet kai tsaye, tunda gyaran tsaro ya daina zuwa mata. Ya nemi kati na biyu iri ɗaya ya ajiye a leda, yanzu da ake samunsu a tarkacen shaguna kusan kyauta, ya kuma rubuta lambar type da protocol da MSN a takarda ya manna a cikin murfin kwamfutar domin wanda zai gaji aikin.